Yatsun Rufaida

Wata rana, da yamma bayan la'asar, na je asibiti dubiyar Gwaggona Hansatu.

Ciwon suga ne ya taɓa mata ƙafa, aka ba ta gado a ɗakin mata.

Duk wanda ya san Gwaggo ya san ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ko ƙarin ruwa ake mata, bakinta na aiki.

Ko kular abincin ban gama ajiyewa ba ta yafito ni.

"Zo ki ga ikon Allah," in ji ta. Ita a ganinta raɗa take yi, alhali rabin ɗakin na jin ta. "Dubi gadon can. Tun shekaranjiya nake kallonsu."

Na waiga.

Wata mata ce, ba za ta haura shekara talatin ba. Ta rame ƙwarai. An jingina ta da filo, robar ƙarin ruwa a hannunta na hagu. Ta ja ɗankwali har goshi, amma kana gani ka san babu gashi a ƙarƙashinsa.

A gabanta, a kan gadon, wata 'yar yarinya ta tanƙwashe ƙafa, da rigar makaranta a jikinta.

An kifa mata tiren abinci a cinya, an ɗora takarda a kai. Zanen mangwaro ne babba a takardar.

A hannunta akwai kala, irin gajerun nan masu kama da kyandir da ake ba 'yan nazare.

Ta dunƙule ta a tafin hannu kamar mai riƙe da muciya.

"A'a, Rufaida," uwar ta ce a hankali. "Ba da dunƙule ba. Babban yatsa, manuniya, na tsakiya. Su za su riƙe. Yawwa."

Yarinyar ta gyara riƙo. Ta ja layi ɗaya, ta ja na biyu.

Kalar ta suɓuce, ta faɗi, ta gangaro har ƙarƙashin gadon Gwaggo.

Na sunkuya na ɗauko na miƙa mata. Idanunta sun cika da ƙwalla.

"Umma, hannuna ya gaji."

"Na sani. Yarfa shi. To, ƙarasa wannan gefen kawai."

"Ya gaji, Umma."

"Wannan gefen kawai, Rufaida."

Nan fa Gwaggo ta kasa daurewa.

"Haba baiwar Allah! Ki ji tausayin yarinyar nan mana. Daga makaranta aka kawo ta, ko hutawa ba ta yi ba. Asibiti ne nan, ba aji ba. Ki bar ta, ai yarinya ce, tana da lokaci."

Matar ta ɗago ta dubi Gwaggo. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Gaskiyarki, Mama. Ita tana da lokaci."

Ta ɗan numfasa.

"Ni ce ba ni da shi."



Tun da nake da Gwaggo, ran nan na fara ganin ta buɗe baki ta rufe ba ta ce komai ba.

Da uban yarinyar ya zo ya fita da ita sayen lemo, sai matar ta kira ni da hannu. Na ja kujera na zauna tsakanin gadon nata da na Gwaggo.

Maman Rufaida kowa ke ce mata a ɗakin. Ni ma haka zan kira ta a nan.

Ta ce kada mu ɗauka mugunta ce.

Ta ce Rufaida bakwaini ce. Ta daɗe a kwalba kafin a ba su ita su tafi gida. Allah Ya raya ta, ta yi wayo, bakinta ya buɗe da wuri. Shekararta huɗu da 'yan watanni, amma ƙananan surori tana kawo su tas.

Yatsun ne kawai ba su da ƙwari.

Ba ta iya ɓalla maɓallin riga. Ba ta iya jan zif. Ba ta iya yaga ledar biskit. Murfin gorar ruwa ma sai an buɗe mata.

"A gida ban taɓa damuwa ba," in ji ta. "Ni ke mata komai. Kafin ta miƙo hannu na yi. A tunanina gata nake mata."

Sai da aka sa ta a nazare.

Ta ce rannan yarinyar ta dawo da abincinta yadda aka zuba shi da safe, ko taɓawa ba ta yi ba.

Ta tambaye ta ko ba shi da daɗi ne.

Rufaida ta ce a'a. Murfin ne ya ƙi buɗuwa. Sauran yara duk sun buɗe nasu, ita kuma ta ji kunyar a ce ba ta iya ba. Sai ta ce musu ta ƙoshi.

Yini guda da yunwa, da abinci a cinyarta.

Malamarsu, Anti Kubura, ita ta fara lura. Ta kira uwar makaranta, ta zaunar da ita.

Ta ce mata kada a yi gaggawar tilasta wa yarinyar rubutu. Yaro ba ya tafiya sai ya yi rarrafe ƙafafunsa sun yi ƙwari. Su ma yatsu haka suke, akwai ƙananan tsokoki a cikinsu da sai an yi ta motsa su kafin su iya riƙe fensir.

Ta ce shafa kalar nan da mutane ke gani kamar wasa, shi ne rarrafen yatsu.

A fara da zane babba da kala mai kauri. In hannu ya saba, a koma zane ƙarami. A haɗa mata da yayyaga takarda, da mulmula laka, da tsintar wake daga faranti.

Likitan da suka kai ta ma haka ya ce. Ba cuta ba ce, rauni ne, kuma yana wucewa in an dage.

Sun fara ke nan, ana ganin ci gaba kaɗan-kaɗan, sai ita uwar ta ji ƙullutu a ƙirji.

Ba ta faɗi sunan ciwon ba. Mu ma ba mu tambaya ba.

"Likitoci ba su gaya mini komai ba," in ji ta. "Babanta suka kira waje. Amma da ya dawo na karanta a fuskarsa."

Gwaggo ta ce, "Ki daina faɗin haka, 'yar nan. Rai na hannun Allah."

"Haka ne, Mama. Ban fid da rai ba. Amma ina tunani."

Ta gyara kwanciya da ƙyar.

"Innata ce za ta riƙe ta, ita kuma idonta ya yi rauni. Babanta yana fita tun safe. Duk wanda ya tsaya mata, ko mutumin kirki ne, yana da tasa hidimar. Yau zai ɓalla mata riga. Gobe ma zai ɓalla. Wata rana zai gaji ya ce, ke ba kya girma ne?"



"Ba na so ta ji wannan maganar ba na nan."

Jama'a, na dawo gida ran nan na kasa cin abinci.

Daga nan kusan kullum ina asibitin, tun da ni ke kai wa Gwaggo abincin yamma.

Kullum ana tashi daga makaranta, uban yarinyar, Malam Sabi'u, zai ɗauko ta a babur. Mai gyaran fanka da firji ne, mutum mai shiru-shiru. Ya kawo ta bakin gado, ya gaishe da kowa, ya tambayi jiki, sannan ya koma baranda ya tsaya.

A ƙa'ida ba a barin ƙananan yara su daɗe a ɗakin marasa lafiya. Amma sistocin sun san halin da ake ciki. In sun shigo sai su kau da kai.

Ita kuwa Gwaggo da ta fara yin faɗa, ita ta zama shugabar aikin.

Rannan na shigo na tarar da Rufaida a gadonta, da murfin kwano cike da 'ya'yan carbi, tana zura su a zare ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro harshe waje don tsananin mai da hankali.

Na ce, "Gwaggo, me ya sami carbin?"

"Tsinkewa ya yi da kansa. Ni kuma idona ba ya ganin ramin, shi ne ƙawata take taimaka mini."

Da na ɗaga filonta zan gyara, sai ga reza a ƙarƙashi.

Na dube ta. Ta harare ni.

Carbin nan ya yi ta tsinkewa da kansa har aka sallame ta.

Amma kada ku ɗauka kullum lafiya aka yi.

Akwai ranar da uwar ta wayi gari jikin ya matsa mata. Da yamma aka kawo Rufaida, aka shimfiɗa takarda. Zanen kifi ne ran nan.

Yarinyar ta fita layi. Uwar ta ce ta kula.

Ta sake fita. Uwar ta ce ta kula mana.

Da ta sake fita, uwar ta ɗaga murya.

"Rufaida! Sau nawa zan gaya miki? Kina gani fa!"

Yarinyar ta tsaya cak. Sai ta kwashi kalolin ta watsar a ƙasa, ta fashe da kuka.

"Ba na so! Ba na son kala! Ba na son zuwa nan! Kullum faɗa kike mini!"

Ta diro daga gado ta ruga baranda wurin babanta. Ran nan ko sallama ba ta dawo ta yi ba.

Na bi ƙasa ina tsince kalolin. Da na ɗago na ga Maman Rufaida ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa.

Gwaggo ta sa na taimaka mata ta sauko. Da ƙafar nan mai bandeji ta ɗingisa har bakin gadon ta zauna.

"Mama, na ɓata," matar ke cewa cikin kuka. "Abin da za ta tuna da ni ke nan. In ta girma aka ce yaya uwarki take, ta ce mafaɗaciya ce. Ta ce tana kan gadon asibiti ma ba ta bar ni na huta ba."

Gwaggo ba ta ce mata ba haka ba ne.

Ta dai kama hannunta ta riƙe, tana shafawa, har kukan ya lafa.

Washegari ba a kawo Rufaida ba. Malam Sabi'u ya zo shi kaɗai. Ya ce ta ƙi hawa babur ɗin, shi kuma bai so ya tilasta mata ba.

Matar ta ce ba komai.

Amma idonta na kan ƙofa har aka kori masu dubiya.

Kashegarin ranar, sai ga Rufaida ta shigo, hannunta cikin na wata doguwar mata mai gilashi. Anti Kubura ce. Ashe uban ya gaya mata abin da ya faru, ta ce ita za ta rako ta.

Bayan gaisuwa ta zauna a bakin gado ta ce, "Maman Rufaida, in gaya miki wani abu? Ki bar maganar layi."

"Ai fita take yi, Anti."

"Ta fita. Layin ba shi muke nema ba. Riƙon muke nema, da motsin yatsun. In tana jin daɗin abin, za ta daɗe tana yi ba ta ma san aiki take ba. In ta tsane shi, ko mun tsare ta yini guda ba za mu samu komai ba. Kaɗan-kaɗan, in ta ce ta gaji a bari."

Ta kamo hannun yarinyar ta buɗe shi a tafinta.

"Kin san jiya wa ya buɗe wa Rufaida gorar ruwanta a aji?"

Uwar ta girgiza kai.

"Babu kowa. Da kanta ta murɗe."

Maman Rufaida ta dubi 'yarta.

"Da gaske?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin rigarta. "Sai da na sa ƙarfi."

Uwar ta buɗe hannun da babu ƙarin ruwa. Rufaida ta ɗan yi jim, sannan ta hau gadon ta kwanta a jikinta.

"Ki yafe mini faɗan da na yi miki, kin ji?"

"To."

"Yau wace kala kike so?"

Tumatir ne a takardar ran nan. Rufaida ta zaɓi shuɗi.

Gwaggo ta leƙo daga gadonta. "Ke, a ina kika taɓa ganin shuɗin tumatir?"

"Nawa ne ai."

Uwar ta yi dariya har da tari. Wannan ce dariyarta ta farko da na ji.

Daga ran nan abin ya canza.

Babu sauran "kula da layi". Sai hira. Uwar ta tambaye ta wa ya yi kuka a aji yau, wa aka ba alawa, me Anti ta ce. Yarinyar na ba da labari, hannunta na tafiya a kan takarda.

Wani lokaci uwar ta ɗauki kala ita ma, su raba zanen biyu, kowa da gefensa.

Abin mamaki, da aka daina maganar layi, sai fitar ta ragu da kanta.

Kalar ta daina suɓucewa.

Amma yayin da yatsun 'yar ke ƙara ƙwari, na uwar suna saki.

Da farko gefenta na zanen ya riƙa fitowa dishi-dishi, don ba ta iya dannawa.

Daga baya ta ce wa Rufaida ta yi duka, ita za ta kalla.

Daga baya ko jingina ba ta iya yi. Sai dai a juyo da ita ta fuskanci yarinyar.

Akwai wata yamma da ba zan manta ba.

Tun safe Maman Rufaida ba ta karɓi komai ba. Innarta, wadda ke jinyarta, ta yi lallashi har ta gaji. Sista ta yi. Gwaggo ta yi nata faɗan. Ita dai marar lafiyar ta ce abinci ba ya wucewa, a bar ta.

Inna ta ajiye kofin koko a kan lokar gefen gado ta fita alwala.

Rufaida na shafa kala. Ta ɗago ta dubi uwar, ta dubi kofin.

Ta ajiye kalar.

Ta jawo kofin da hannu biyu ta ɗora a kan tiren. Ta ɗauki cokali.

Na yunƙura zan karɓa kada ta zubar. Gwaggo ta riƙe mini zani.

"Zauna," ta ce. Wannan karon raɗar gaske ta yi.

Yarinyar ta ɗebo kokon. Hannun na ɗan rawa. Kaɗan ya ɗiga a zanen gado. Ta tsaya, ta gyara riƙo, ta ci gaba a hankali har bakin uwarta.

"Umma, ha."

Matar ta buɗe ido.

Ta dubi cokalin. Ta dubi yatsun da ke riƙe da shi. Ta daɗe tana kallonsu.

Sannan ta buɗe baki.

Na ga yadda ta yi fama kafin ta haɗiye. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunnenta.

"Ƙara mini," ta ce.

Rufaida ta ƙara.

Inna ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, ta kasa shigowa. Matar da ke gadon ƙarshe ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da yarinyar ta gaji ta ajiye cokalin, uwar ta ce ta kawo hannunta. Ta ɗora shi a kan leɓenta.

"Alhamdulillahi," kawai na ji ta ce.

Ba a daɗe ba aka sallami Gwaggo.

Da za mu tafi, Maman Rufaida na barci. Gwaggo ta tsaya a kanta ta yi addu'a mai tsawo, ta ce kada a tashe ta. Na karɓi lambar Malam Sabi'u.

Ranar wata Juma'a da hantsi wayata ta yi ƙara.

Ina ganin sunansa gabana ya faɗi.

"Hajiya, Maman Rufaida Allah Ya yi mata cikawa. Bayan masallaci za a kai ta."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun je ta'aziyya ni da Gwaggo, tana dogara sanda. Gida ne ƙarami, mata sun cika tsakar gida.

Rufaida na zaune jikin kakarta. Ta gane mu, ta gaishe mu. Ba ta kuka, ba ta wasa. Kallon mutane kawai take.

Inna ta ce tun da aka yi rasuwar ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ba ta kuma tambayi ina Ummanta ba. Jakar kalolinta na rataye a ƙusa, ta ƙi ko kallon wajen.

Anti Kubura ma tana wurin. Ta ce a makaranta za ta sa ido, amma kada kowa ya matsa mata. A bar ta sai ta nema da kanta.

Bayan an yi sadakar arba'in, Gwaggo ta aike ni gidan. Ta sa an sayo mata sabon kwalin kala da littafin zane, ta ce in kai wa ƙawarta.

Da yamma na isa. Gidan ya yi shiru, baƙi duk sun watse.

Inna na kan tabarma tana jan carbi. Malam Sabi'u na gefe, ya kwance wata fanka yana gyara. Ya rame shi ma.

Na miƙa wa Rufaida saƙon. Na ce Gwaggo ce ta ce a kawo mata.

Ta karɓa ta yi godiya. Ta ajiye a gefe.

Muka shiga hira da Inna.

Can na waiga, sai na ga ta ja jiki ta koma gindin bango. Ta ɓare ledar kwalin. Ta buɗe littafin tana juya shafuka, har ta tsaya a kan zanen wata kaza da 'ya'yanta.

Inna ta taɓa ni da ƙafa. Muka ci gaba da hira kamar ba mu gani ba.

Malam Sabi'u ma ya gani. Hannunsa na kan fankar, amma ya daina juya sukurudireba.

Ta daɗe tana yi.

Babu wanda ya ce mata gyara. Babu wanda ya ce mata ƙarasa. Ta yi uwar kazar, ta bi 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya, har ƙananan ƙafafunsu.

Da ta gama ta riƙe littafin nesa da fuskarta ta duba.

Sai fuskarta ta washe.

Ta miƙe da sauri, littafin a buɗe a hannu biyu, ta nufi ɗakin uwarta da gudu.

Ta kai bakin labule.

Ta tsaya.

Ta daɗe a tsaye, ta ba mu baya.

Sannan ta juyo a hankali. Ta dubi kakarta. Ta dube ni.

"Anti," ta ce, "wa zan nuna wa?"

Inna ta sa bakin mayafi ta toshe baki.

Sai na ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a siminti.

Malam Sabi'u ne ya saki abin da ke hannunsa. Ya goge baƙin mai a jikin wandonsa, ya taso, ya zo gabanta ya durƙusa har tsawonsu ya zo ɗaya.

"Ni," ya ce. "Kawo nan. Daga yau ni za ki riƙa nuna wa."

Ta miƙa masa.

Ya riƙe littafin ta gefe-gefe don kada ya ɓata shi. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Bai yi sauri ba. Ya bi 'yan tsakin nan da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kika yi wannan? Ke kaɗai?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin iya, Rufaida. Wallahi kin iya."



Ta faɗa ƙirjinsa ta saki kuka, irin kukan da ya daɗe a tare. Tana yi tana kiran Umma.

Bai ce mata ta yi shiru ba. Ya zauna daɓas a ƙasa da ita a jikinsa, ya rungume ta, nasa hawayen na sauka a kanta.

Na ɗauki jakata na fita a hankali. Ko sallama ban iya yi ba.

Darasi:

Shafa kalar da ɗanka ke yi ba ɓata lokaci ba ne, ba kuma ɓarnar takarda ba. Da shi yatsunsa ke koyon riƙe fensir, da cokali, da duk abin da zai yi wa kansa gobe.

Kada ka yi masa komai don kana sauri. Bar shi ya gwada, ya zubar, ya sake.

Kada ka mai da abin faɗa. In ya gaji a bari, gobe a ci gaba.

Kuma in ya rugo da takardarsa yana cewa duba, ka ajiye wayar nan ka duba da kyau. Akwai yaran da suka gama nasu suka rasa wanda za su kai wa.

Ba mu san tsawon zaman da aka rubuta mana da su ba.

Allah Ya jiƙan Maman Rufaida, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah Ya raya abin da ta bari, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wata uwa, ko wani uba, ko malamar da ke fama da ƙananan yaranmu a aji. Wataƙila yau wani ya zauna da ɗansa a kan tabarma saboda kai.